Murhun itace ko injin mai: wanne ya dace da garejin aiki a hunturun Maine?

Assalamu alaikum, Malam. Tambayar da ka kawo ita ce, kana da gareji mai cin mota biyu a ware da gidanka a wajen Lewiston ta jihar Maine a Amurka, faɗinsa da tsawonsa ƙafa 24 kowanne, kana aikin kafinta a ciki da yamma da kuma ƙarshen mako, motarka da injin kwashe dusar ƙanƙara kuma a nan suke kwana. Maƙwabcinka ya yi maka tayin tsohon murhun ƙarfe mai cin itace a kan kuɗi kaɗan, wani abokin aikinka kuwa ya ce ka sa injin ɗumama ɗaki mai amfani da mai (man ɗumama gida, ba fetur ba), shi ya sa kake son sanin wanda ya fi. Ra'ayina a taƙaice shi ne injin mai ya fi dacewa da kai, amma ba don ya fi arha ba, domin bai fi ba. Abubuwa biyu ne suka yanke hukuncin: abin da yake kwana a cikin garejin, da yawan sa'o'in da kai kanka kake yi a cikinsa.

Zan fara da batun fetur, saboda shi ne wanda masu tallar murhu ba su cika tsayawa a kansa ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka idan ya fito daga tankin mota ko daga jarka da ba a rufe da kyau ba, ba ya tashi sama ya ɓace, kwanciya yake yi a daɓe yana bin ƙasa har ya iske wuta. Kuma sanyi ba ya hana shi, domin fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko da ma'auni ya sauka zuwa digiri 40 ƙasa da sifili. Murhun itace kuwa a ƙasa yake zaune, ta ƙasa yake jan iskar da yake ci, kuma kowane buɗe ƙofarsa don ƙara itace buɗe garwashi ne ga iskar ɗakin. Wannan ne ya sa ƙa'idar NFPA 211, wadda ƙungiyar kare gobara ta Amurka ta tsara kuma jihohi da dama suka ɗora dokokinsu a kanta, ta hana kafa murhun itace a gareji, ta kuma hana shi a duk wurin da ake sa ran samun tururin fetur. A Kanada ƙa'idarsu ta CSA B365 ta ɗan sassauta, ta yarda idan an ɗaga murhun santimita 45 daga ƙasa aka kuma kare shi daga karon mota, amma kai ba a Kanada kake ba, kuma ko a can kamfanonin inshora sukan nemi takardar mai duba murhu kafin su amince.

Maganar inshora ba ƙarama ba ce. Idan gobara ta tashi, aka zo bincike aka tarar da murhun da ba a sanar da kamfani ba, a wurin da ƙa'ida ta hana, kamfanin yana da hujjar da zai ja biyan diyya ko ya ƙi gaba ɗaya. Saboda haka kafin ka karɓi murhun nan ko da kyauta ne, ka kira kamfanin inshorarka da jami'in kula da ƙa'idar gini na ƙaramar hukumarku, ka faɗa musu gaskiyar abin da kake ajiyewa a garejin, ka kuma nemi amsarsu a rubuce.

Injin mai shi ma wuta ce, kada a yi zaton ya tsira daga wannan haɗari. Bambancin shi ne wutarsa tana cikin rufaffen akwati, ana iya rataye shi a sama ko a ɗora shi a kan dandamali yadda duk abin da yake tartsatsi a jikinsa zai yi nisan inci 18 daga daɓe kamar yadda ƙa'idar gini ta nema, ana kuma iya jawo masa iskar ƙonawa da bututu daga waje. Fiye da haka, ana kashe shi da makunni. Ranar da za ka sauke tankin mota, ko ka wanke kayan inji da fetur, ko ka fesa fenti mai tinna, sai ka kashe shi nan take, ka gama, ka buɗe ƙofa iska ta wanke ɗakin, sannan ka kunna. Murhun itace ba shi da makunni. Garwashin da ka bari da daddare yana iya kwana da rai a ƙarƙashin toka har gobe da hantsi. Shi kansa man da injin yake sha ɗan'uwan dizal ne, a Amurka ana ce masa mai lamba 2, ana kuma rina shi ja don a bambanta shi da na mota wanda aka biya wa harajin hanya. Ba ya kamawa da sauƙi irin ta fetur, sai an ɗumama shi ya haura digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko kuma an fesa shi ya zama kamar hazo, wanda shi ne aikin da famfon injin yake yi ta wani ɗan ƙaramin nozil.

Yanzu ga inda itace yake da gaskiya, wato kuɗin makamashi. A can ana sayar da itace da ma'aunin da suke kira kod, tsibin faskare ne da aka jera mai tsawon ƙafa 8, faɗi 4, tsayi 4. Kod ɗaya na busasshen itacen ok, wani itace mai tauri, yana ɗauke da zafin da ya kai BTU miliyan 24 (BTU ma'aunin yawan zafi ne), galan ɗaya na mai kuwa kimanin 138,500. Sai dai ba duk zafin ne yake tsayawa a ɗaki ba. Murhu na zamani yana riƙe kusan kashi 70 cikin 100 ko sama da haka, injin mai kuma kashi 83 zuwa 87. Idan ka yi lissafi da 70 da 83, za ka ga kod ɗaya na ok yana yin aikin galan 146 na mai. Mu ɗauka an sayar maka da kod a kan dala 350. Ke nan kamar ka sayi mai a kan dala 2 da santi 40 ne kowane galan, kuma duk lokacin da mai ya fi haka tsada, itace ya ci riba. Farashin mai kuwa ba shi da tabbas: a shekarar 2020 ya faɗi zuwa wajen dala 2, a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren ya haura dala 5 a Maine. Itace ba ya irin wannan tsalle, domin Maine ita ce jihar da daji ya fi rufewa a duk Amurka, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasarta. Idan kuma kana da fili mai itatuwa da zarton inji da ƙarfin faskare, sai farashin ya koma na gumi da man zarto kawai.

Amma lissafin nan yana da sharuɗɗa, kuma murhun maƙwabcinka yana iya karya na farkonsu. Kashi 70 ɗin nan na murhun da hukumar kare muhalli ta Amurka, wato EPA, ta tantance ne. Hukumar ta fara sa wa murhuna ƙa'idar hayaƙi a 1988, ta tsananta a 2015, daga watan Mayu na 2020 kuma sabon murhu bai kamata ya fitar da ƙurar hayaƙi fiye da giram 2 zuwa 2 da rabi a sa'a ba. Tsofaffin murhunan da aka ƙera kafin wannan ƙa'ida suna aika kusan rabin zafin itacen sama ta bututu. Ka duba bayan murhun ko akwai wani ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da shaidar gwajin kariya daga gobara. Idan babu, doka tana ɗaukarsa a matsayin wanda ba a tantance ba, kuma dole ya nisanci duk abin da yake ci da wuta da inci 36 ta kowane gefe, bututunsa mai falle ɗaya kuma da inci 18. Ka auna wannan a daɓen garejinka da alli: murhu mai faɗin ƙafa biyu, da tazarar ƙafa uku a bayansa da gefunansa da gabansa, ya cinye maka kusan ƙafa 8 da 8, ba a ma sa wurin ajiye itace ba. A gareji mai ƙafa 24 da mota a ciki da teburin zarto, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Injin da aka rataye a rufi ba ya cin ko taku ɗaya na daɓe.

Sharaɗi na biyu shi ne irin itacen da bushewarsa. Tsakanin ok ko mapul da itacen fayin akwai tazara irin wadda ke tsakanin marke da karan dawa: ɗaya yana yin garwashi ya daɗe, ɗayan yana yin harshe ya mutu. Kod na fayin bai cika wuce kashi biyu cikin uku na zafin ok ba. Danshin itace kuma dole ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, abin da yake ɗaukar wata shida zuwa shekara bayan an faskara an jera, ok kuwa yakan nemi shekara biyu. Wanda ya sayi itace a watan Nuwamba don ya ƙona a Disamba, yawanci ɗanye ya saya ko da mai sayarwa ya rantse masa. Za ka gane shi da kanka: ka sa shi a wuta ka ji yana tsuwwa, kumfa tana fitowa a bakin gungumen, gilashin murhu ya yi baƙi cikin sa'a guda. Hayaƙin irin wannan itace yana sanyi a cikin bututu ya daskare ya zama kunkunniya mai danƙo, ita ce kuma take kamawa ta haddasa gobarar bututu. Shi ya sa sharar bututu aƙalla sau ɗaya a shekara wajibi ne. A lura kuma Maine ta hana shigo da itacen wuta daga wata jiha sai wanda aka gasa aka ba shi shaida, saboda ƙwarin da suke kashe itatuwa, don haka arahar da ka gani a jihar New Hampshire mai maƙwabtaka da ku ba taka ba ce.

Na san abin da yake jan hankalin kowane kafinta zuwa ga murhu: guntayen katakon da suke taruwa a ƙarƙashin tebur, a ce ga makamashi kyauta. Guntayen tsabtataccen katako suna da kyau wajen hura wuta, amma falawud da katakon da aka matse da gam da wanda aka yi wa fenti ba a ƙona su, kuma mafi haɗari shi ne koren katakon nan da aka jiƙa da magani don kada ya ruɓe, domin na dā yana ɗauke da sinadarin arsenik, hayaƙinsa da tokarsa guba ne. Garin katako kuwa idan aka watsa shi a kan garwashi yana iya tashi fuu ya fito ta ƙofar murhu. Idan ka tace abin da ya halatta a ƙona daga sharar shagonka, abin da zai rage ba zai fitar da kai mako biyu na Janairu ba.

Sai kuɗin kafawa, inda arahar tsohon murhu take ƙarewa. Murhun ba shi ne mai tsada ba, bututun hayaƙin ne. Ana buƙatar bututu mai falle biyu da abin tare zafi a tsakani daga inda zai ratsa rufi, ya ɗara rufin da ƙafa 3, ya kuma ɗara duk wani sashen gini da ke cikin tazarar ƙafa 10 da ƙafa 2, ga shimfiɗar da ba ta cin wuta a ƙarƙashin murhun. Sau da yawa kuɗin wannan ya ninka na tsohon murhun. Injin mai ya fi haka tsada duk da haka: ga injin, ga tanki, wanda na yau da kullum yake cin galan 275, ga bututun mai da na hayaƙi, ga layin lantarki, ga ladan ma'aikaci mai lasisi. Ta wannan fuska itace ya fi sauƙi, amma tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Abin da yake taimakon mai a wurinku shi ne, Maine ce kan gaba a Amurka wajen dogaro da man ɗumama gida, kusan rabin gidajen jihar ko fiye da shi suke amfani, don haka masu kawo mai da masu gyaran inji suna ko'ina, kuma idan gidanka da mai yake ɗumi, motar da take cika tankin gida ita za ta cika na gareji.

Abu na biyu da na ce ya yanke hukunci shi ne lokacinka, kuma a nan nake ganin mutane sun fi yin kuskure. Ka dawo daga aiki ƙarfe shida na yamma a watan Janairu, ma'auni a waje yana digiri 15 ƙasa da sifili, cikin garejin ma bai fi haka da yawa ba. Da murhu, sai ka kwashe toka, ka jera ƙirare, ka hura, ka jira ƙarfen ya ɗauki zafi, sannan ya fara ɗumama iska, daɓen siminti kuwa yana nan da sanyinsa. Kafin ka iya cire safar hannu ka riƙe kurfi, sa'a guda ta tafi, wani lokaci fiye. Ka yi aikin sa'a biyu, lokacin da ɗakin ya yi daɗi shi ne lokacin tashinka, sai ka tafi ka bar wuta tana ci a ɗakin da ke cike da katako ba kowa a wurin. Da injin mai, ka murɗa na'urar daidaita zafi, fanka ta fara huro iska mai ɗumi cikin mintuna kaɗan, idan ka gama ka mayar da ita ƙasa ka kulle ƙofa. Wanda yake wuni a shagonsa daga safe zuwa magariba, sa'ar farko ba ta dame shi ba, kuma zafin murhu mai ratsa jiki ya fi iskar fanka daɗi, wannan ba a musu. Kai kuwa sa'o'i uku ne jarinka.

Akwai kuma abin da ya shafi kayan aiki. Idan ɗaki ya daskare sannan aka ɗumama iskarsa farat ɗaya, ƙarfe mai kauri yana jinkirin ɗaukar zafi, sai raɓa ta kwanta a kansa. Za ka shafa teburin zarto ka ji laima, bayan 'yan kwanaki ka ga jan tsatsa ta bi shi tabo-tabo. Gam na katako irin su Titebond ba ya kamawa da kyau idan katakon yana ƙasa da wajen digiri 10, sai ka ga ya bushe fari kamar alli, haɗin kuma ya ɓalle. Fenti mai ruwa idan ya daskare ya narke sau da yawa lalacewa yake yi, batiran na'urorin hannu kuma ba a yi musu caji cikin daskarewa. Maganin duk wannan shi ne a riƙe ɗakin a digiri 5 zuwa 7 dare da rana, a ɗaga idan an shigo aiki. Injin mai yana yin haka ba tare da kowa ya tsaya a kansa ba, murhun itace kuwa ba zai iya ba ko kaɗan.

Kada in ɓoye aibin mai. Na farko, ba ya aiki sai da lantarki, kuma mutanen Maine ba su manta da guguwar ƙanƙarar Janairun 1998 ba, wadda ta bar dubban ɗaruruwan mutane ba wuta, wasu har makonni. A irin wannan rana mai murhu shi ne sarki, ko da yake ƙaramin janareto yana iya tayar da injin. Na biyu, tankin da aka ajiye a waje man cikinsa yana yin kauri idan sanyi ya tsananta har ya toshe matata, shi ya sa ake zuba wa tankunan waje kananzir ko gauraye, kananzir kuma ya fi tsada. Gara tankin ya zauna a ciki, a kare shi da turakun ƙarfe daga mota. Na uku, tsohon tanki yana cinyewa daga ciki, kuma idan mai ya tsiyaye ya shiga ƙasa ko rijiya, kuɗin tsabtacewa yana iya ninka kuɗin injin sau da yawa, don haka tanki ba abin saye na hannu ba ne. Na huɗu, ƙurar katako tana toshe matatar iska da sauri, dole ka riƙa dubawa a kai a kai, sannan sau ɗaya a shekara ma'aikaci ya canza nozil da matatar mai ya auna hayaƙi. Idan injin ya mutu, jan maɓallin sake tayarwa sau ɗaya ake dannawa. Wanda ya yi ta dannawa yana tara mai ne a cikin akwatin wuta, ranar da ya kama kuwa sai ya ji ƙara da baƙin hayaƙi.

Idan abokin aikinka injin baƙin mai yake nufi, wato wanda yake ƙona tsohon man da aka juye daga mota, wannan wata magana ce. Dokar tarayya ta yarda da shi bisa sharaɗin man naka ne ko na masu juye nasu a gida, injin bai wuce BTU 500,000 a sa'a ba, hayaƙin kuma yana fita waje, wasu jihohi kuma sun hana. An yi shi ne don garejin kanikawa masu tara ɗaruruwan galan a shekara, yana buƙatar matsattsiyar iska da yawan shara. Mai mota ɗaya ko biyu ba zai tara abin da zai ciyar da shi kwana uku ba.

Girman injin ma a kula da shi. Gareji irin naka, idan an cusa abin tare sanyi a bango da rufi aka toshe gefunan babbar ƙofa, abin da yake buƙata bai cika wuce BTU 30,000 zuwa 45,000 a sa'a ba. Nozil mai rabin galan a sa'a yana ba da kusan 57,000, ya isa har da saura, kuma tanki guda zai ba shi wajen sa'a 500 na ci. Injin da ya fi ƙarfin ɗaki yana yawan kunnuwa da mutuwa, yana ɓarnar mai yana tara baƙi. Idan kuwa bangon garejin katako ne tsirara, to kuɗin farko a kan tare sanyin za ka kashe su, musamman rufi, domin in ba haka ba ko wanne ka zaɓa sararin Lewiston za ka ɗumama.

Yanayi ɗaya ne zai sa in canza shawarata: ka fitar da mota da injin dusar ƙanƙara da duk wata jarkar fetur zuwa wata rumfa dabam har abada, garejin ya zama shagon kafinta zalla a idon hukuma da na inshora, kana wuni a ciki, kana kuma da busasshen itace na shekara mai zuwa a jere. A nan murhu mai shaidar EPA zai biya kuɗinsa, musamman a shekarar da mai ya yi tsada. Muddin motar tana kwana a ciki, ka yi wa maƙwabcinka godiya ka bar masa murhunsa, ka nemi ma'aikata biyu ko uku masu lasisin hukumar makamashin ɗumama ta jihar su zo su auna garejin su ba ka farashi a rubuce, kuma ka ce su haɗa da na'urar gano iskar guba ta kabon monoksaid da abin kashe gobara a bakin ƙofa.